Kwana Biyu a Ruwan Epe, Ni da Yayana

Wata goma sha ɗaya muka yi ni da Yayana muna gaisuwar maƙwabtan da suka haɗu a bakin famfo. Rumfarmu ɗaya a kasuwar Mile 12 da ke Legas, buhunan albasarmu jingine da juna, amma in da abin da zan sanar da shi sai in faɗa wa yaron rumfa, yaron ya juya ya faɗa masa, alhali tsakaninmu bai fi taku uku ba. Har yaron ya ƙware, ya san maganar da zai rage wa zafi kafin ya isar.

A Fabrairun 2023 abin ya faro, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo. Na ce masa kada a yi lodi daga Aliero sai ƙura ta lafa. Bai ji ba, ya cika tirela, rabin kuɗin bashi. Mota ta lalace a hanyar Mokwa ta kwana huɗu, da ta iso kuma masu saye ba tsabar kuɗi a hannunsu, in an tura ta banki ba ya shiga. Muna kallo albasa ta fara tsiro, ta ƙasa ta fara ruwa. Ran da muka zubar da buhu na ƙarshe raina ya ɓaci, a gaban 'yan dako da dillalai na ce masa, "Jirgin da Baba ya bari ma haka ka yi da shi." Bai tanka ba. Ya karkaɗe hularsa ya tafi masallaci. Daga ranar ne yaron rumfa ya samu sabon aiki.

Mu mutanen Yauri ne. Mahaifinmu masunci ne a kogin Kwara, cikin waɗanda aka tasa daga tsohon ƙauyensu lokacin da ruwan madatsar Kainji ya taru a 1968. Ina ɗan shekara tara ya rasu, Yaya kuwa ya riga ya zama saurayi, shi ke riƙe masa filafili. Ba a daɗe da arba'in ba aka sayar da jirgin da komar, kuma tun ina yaro na riƙe wannan a zuciya ban taɓa tambayar inda kuɗin ya shiga ba.

Zaman Legas kuwa ba sai na ba ɗan'uwana Bahaushe labari ba. Daga Agege nake fitowa tun kafin kiran assalatu don in riga cunkoso, in dawo bayan isha'i kunnena na amsa kuwwar hon. Waya biyu nake riƙewa, in wannan ta yi shiru waccan ta ɗauka: direba ya maƙale a Jebba, mai bashi na neman nasa, gida ana neman na magani. Bayan cire tallafin mai a Mayun wannan shekarar kuɗin dako ya yi tashin gwauron zabo, riba ta koma kamar ruwa a kwando. Barci ya ƙaurace mini. Wata rana jiri ya ɗebe ni a kan tsani, aka kai ni wani ƙaramin asibiti, likita ya auna ya ce hawan jini ne, ya rubuta ƙwayoyi, ya kuma ce in nemi hutu. Na yi dariya. Ɗan kasuwar gwari da hutu?

Akwai wata Bayarabiya 'yar Epe da ke sarin albasa a wurinmu duk mako, Iya muke kiranta. Da ta ji labari ta ce ƙanenta masunci ne, in zo in kwana biyu a ruwa in ga ko kaina ba zai sauka ba. Na ɗauka maganar kasuwa ce. Ashe maiɗakina ta ji, ta faɗa wa matar Yaya, ita kuma ta buga wa Inna a Yauri. Daren nan sai ga kiran Inna. Ba ta tsaya dogon zance ba. Ta ce, "Na ji za ka ruwa. Kai ba ka iya ruwa ba, yayanka ya iya. Tare za ku." Na buɗe baki zan kawo uzuri ta ce ta riga ta gaya masa, ta kashe wayarta. Tsofaffin nan in sun ƙulla abu, sai dai ka tarar da kanka a ciki.

Ranar wata Litinin ta watan Janairu muka kama hanya, hazo ya sauko har Legas. Daga Mile 12 muka shiga motar Ikorodu, daga can muka sake wata mai bi ta Itoikin. Kujera ɗaya muka zauna, kowa na kallon tagar da ba tasa ba. Da muka zo Imota, inda gwamnatin jiha ta gina katafariyar masana'antar casar shinkafa, wani fasinja ya kawo zancen shinkafar Lake da Legas da Kebbi suka yi haɗin gwiwa a kanta a 2016. Na ga leɓen Yaya ya motsa, don shi in aka taɓo Kebbi ba ya iya shiru, amma ya haɗiye. Bayan Agbowa gidaje suka fara ja da baya, daji da bishiyoyin kwakwar manja suka matso bakin titi. Shekarata ashirin da wani abu a Legas ban san cewa a cikin jihar akwai inda za ka yi tafiyar minti goma ba ka ga rumfar mai caji ba.

Epe gari ne a kan tudu, yana leƙen ruwa. A shataletalen shiga gari an kafa mutum-mutumin kifi, don kada baƙo ya yi tambayar sana'ar mutanen. Ɗaya ne daga manyan yankuna biyar na jihar, tare da Ikeja, Badagry, Ikorodu da tsibirin Legas. Abin da ya fara kwantar mini da hankali yawan masallatai. Ƙanen Iya, wanda muka riƙa kira Baba mai jirgi ko da yake bai girme wa Yaya sosai ba, shi ya ba mu tarihin da gurguwar Hausarsa haɗe da Turancin buroka. A 1851 Turawan Ingila suka yi wa Legas ruwan wuta daga teku suka kori Sarki Kosoko, ya taho nan da jama'arsa, da yawansu Musulmi. Har yau a farkon shekarar Musulunci suna bikin da suke kira Kayokayo don tunawa da wannan sauka. Tun a daren farko ya raɗa mana suna, Alhaji Agba da Alhaji Kekere, wato babba da ƙarami. Ɗaki ɗaya ya ba mu, katifa ɗaya, gidan sauro ɗaya. Na kwanta a can bakin katifa kamar mai gudun wuta.

Muna sallame asuba muka gangara bakin ruwa. Baba ya miƙo mana rigunan kariya, irin masu ruwan lemo, ya ce hukumar ruwa ta jiha ba ta wasa da su. Ba mu yi gardama ba. Duk ɗan Yauri ya san abin da ya faru a Warrah a Mayun 2021, da jirgi ya nutse da mutane masu ɗimbin yawa a kan hanyar kasuwa. Yaya ya ɗaure tasa, sannan ba tare da ya dube ni ba ya kai hannu ya ja igiyar tawa da na bari sako-sako.

Ƙaramin inji ya tsallakar da mu babban ruwa. Gadar Epe ta rage a bayanmu, hazo ya shanye ta. Na ɗebi ruwan da tafin hannu na ɗanɗana ina jiran gishiri, sai na ji kusan ruwan daɗi. Baba ya ce kogin Osun ne ke zubowa ta wannan ɓangaren, bakin teku kuma yana can nesa wajen birni, shi ya sa kifin kogi ke rayuwa a nan. Mun wuce wuraren da aka kakkafa rassan itace a ruwa kamar shingen gona. Dabara ce: kifi na taruwa a ƙarƙashinsu yana ci yana ɓuya, bayan watanni a kewaye da koma a kwashe. Mun wuce masu haƙar yashi, manyan jirage sun nutse har baki saboda kaya, yashin da ake cike fadamun Lekki da shi. Baba ya nuna su da haɓa ya ce tun da suka yawaita ruwa ya gurɓace a wasu wuraren, kifi ya ƙaura.

Sai ya kashe inji, ya ɗauki filafili, muka kutsa wani siririn rafi.

Shirun ne ya fara dukana. Ban san kunnena ya gaji ba sai da aka sauke masa kayan. Tukurwa ta rufe sama daga gefe da gefe, saiwoyin itatuwa tsaye cikin ruwa kamar ƙafafun zalɓe, ƙaguwa na gudu a kan laka. Ga wata ciyawa mai shuɗin fure da ke yawo a kan ruwa, 'yar'uwar kainuwa, in ta yi yawa har hanya take toshe wa jirgi. Hannuna ya kai aljihu da kansa. Na zaro wayar farko, ba sabis. Ta biyu ma haka. Na ɗaga su sama kamar mai roƙon ruwa, Baba ya ƙyalƙyale da dariya ya ce a nan ko gwamna ne sai ya haƙura. Wajen rabin sa'a zuciyata na bugawa, ina lissafin wanda zai kira bai same ni ba. Daga nan, da na tabbata ba abin da zan iya, sai na ji kafaɗuna sun sauko. Na naɗe wayoyin a leda na cusa ƙarƙashin benci.

Ya ba mu fatsa, sandar gora da zare da ƙugiya, koto kuwa ƙananan jatan lande. An ɗaura ɗan guntun soso a zaren don ya yi iyo. Aikin ke nan: ka jefa, ka zuba wa soson ido. Wanda bai taɓa yi ba zai ce zaman banza ne, ni ma da haka nake cewa. Amma ido in yana kan abu ɗaya, hannu kuma na sauraron zare, tunanin bashi ba ya samun wurin zama. Ya kan leƙo, sai soso ya ɗan motsa, ya kore shi. Kuma a kwale-kwale ba ka motsi yadda ka ga dama. In na karkata dama dole Yaya ya karkata hagu, in ba haka ba mu duka mu sha ruwa. Wata goma sha ɗaya ina kauce wa mutumin nan, yau ga shi ko gyara zama zan yi sai na duba inda nauyinsa yake.

Wani abin kuma da sai daga baya na lura: shirun da muke yi a rumfa gaba ne, kowa a kasuwa ya san haka. A nan kuwa dokar sana'a ce, surutu na korar kifi. Mun yi sa'a biyu ba wanda ya ce uffan, kuma ba wanda ya ji an yi masa laifi.

Da rana ta ɗaga muka fito wani buɗaɗɗen wuri, Baba ya miƙe ya ɗauki birgi. Ya jefa sau uku, 'yan karfasa suka fito. Ina kallon Yaya ta wutsiyar ido, yatsunsa na motsi a kan gwiwa. Can ya ce da Baba, "Kawo in gani." Ya tsaya a goshin jirgi, ya rataya wani sashe a kafaɗa, ya tattaro sauran. Jifan farko birgin ya faɗa a dunƙule kamar wanki. Baba ya danne dariya. Yaya ya jawo, ya warware a hankali, ya gyara tsayuwa, ya juya ƙugu. A karo na biyu birgin ya buɗe a sama kamar faifai, ya sauka a ruwa dalmar ta nutse lokaci guda. Baba ya saki salati. Ni kuwa na ƙame, don tsayuwar nan na san ta. Haka mahaifinmu yake tsayawa, ƙafar hagu gaba, kai a ɗan karkace. Ashe ban manta ba.

Ni abin da rabona ya kamo ƙurungu ne, ɗan ƙarami, yana ta gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci. Murna ta sa na cafke shi da hannu yadda ake cafke albasa. Ƙayarsa ta shige mini tsakanin babban yatsa da manuni. Zafin har ƙwaƙwalwa. Kafin in gama ihu Yaya ya tsallako benci, jirgi na tangal-tangal, ya kama hannun ya matse jinin, ya wanke, ya yage bakin rawaninsa ya ɗaure.

"Ɗan masunci da kamun ƙurungu ta baya," in ji shi. "Da Baba ya gani da ka sha rankwashi."

Na ce, "Ai ba a koya mini ba, Yaya."

Ya ɗan yi shiru yana ƙulla tsumman. "Haka ne. Ba a koya maka ba."

Magana ta farko ke nan da ta wuce tsakaninmu ba ɗan aike.

Mun yi azahar a wani tudun yashi, Baba ya hura wuta ya gasa karfasa da barkono da gishiri, muka ci da garin rogo jiƙaƙƙe. Na ci abinci a manyan wurare a Ikeja, ban tuna wanda ya kai wannan ba, ko da yake yunwa ma ta taimaka. Daren nan ko juyi ban yi ba. Sai da Yaya ya girgiza ni sau uku kafin in ji kiran salla.

A rana ta biyu muka fara biyawa ta kasuwar kifi ta Oluwo. Mata ne ke riƙe da ita, su ke tarar jirage a bakin ruwa, su ke yanka farashi, kuma in ka ga yadda suke ciniki za ka san dillalan Mile 12 yara ne. Kifin da ransa ake sayar da shi, cikin manyan robobi, tarwaɗa na bugun ruwa tana fantsama wa mutane. Ga kunkuru, ga dodon koɗi, har 'yan kadoji na gani a ɗaure. Yaya ya tsaya cak a gaban wani dogon kifi mara reshen wutsiya, da ƙaya mai laushi tun daga wuya har ƙarshen baya tana kaɗawa kamar tuta. Ya ce, "Yauni!" Matar ta ce su eja osan suke ce masa, kuma shi ne mai tsadar kasuwar, da shi ake fita kunyar manyan baƙi. Yaya ya shiga ba ni labari kamar ba mu taɓa ɓatawa ba: yadda kifin ke iyo da baya kamar yadda yake yi da gaba, yadda yake tara ciyawa ya yi sheƙa a kan ruwa ya zuba ƙwai, yadda ya taɓa cizon wani maƙwabcinmu da ya kusanci sheƙar. Daga nan zance ya zarce Argungu, shekarar da mahaifinmu ya tafi da shi Matan Fada da gora da homa, suka dawo ba ko ƙawara.

Da yamma Baba mai jirgi ya kai mu wani lungu ya ɗaure jirgin a jikin saiwa, ya ce zai duba tarkunansa, ya bi gaɓa da ƙafa. Har yau ina zargin da gangan ya yi, kuma da hannun Iya a ciki. Muka rage mu biyu. A rumfa in magana ta yi nauyi akwai inda mutum zai nufa, ko masallaci ko wajen mai shayi. Nan kuwa ruwa ne hagu da dama.

Idonsa na kan soso ya ce, "Buhu nawa kake tsammani jirgin Baba ya saya?"

Ban gane ba.

"Ashirin da biyu. Da su na fara zuwa Legas, a saman lodi na kwana uku. Rumfar nan da kake zaune a ciki, jirgin ne."

Na ce ai Kawu ne ya ba da jarin, haka na taso ina ji. Ya ce shi ya roƙi Inna a faɗi haka, don kada dangin Baba su ce ya sayar da gado ya tafi yawon duniya, su taso ta a gaba. Kuɗin makarantata ma daga nan ya riƙa fita. Ya faɗi wannan ba da ɗaga murya ba, kamar mai karanta lissafin buhuna.

Ina da maganganu da yawa da na tanada tsawon watannin nan, yadda na gargaɗe shi, yadda bai saurare ni ba. Ko ɗaya ban samu ba. Na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya ce, "Lodin nan ni ma kuskure na yi. Ka faɗa, girman kai ya hana ni ji." Sai ya ɗaga haɓa. "Duba zarenka, ana ja."

Da gaske ana ja. Tarwaɗa ce, ta kai tsawon damtsena. Wannan karon ya nuna mini inda ake sa yatsu a bayan ƙayoyin. Muka yi ta kokawa da ita a cikin jirgi, ta watsa mana laka a fuska, har Baba ya dawo ya tarar da dattawa biyu suna dariya kamar yaran da suka tsere daga makarantar allo.

Ba zan ce ruwan Epe ya warkar da hawan jini ba, ƙwayoyina na nan ina sha kullum safe. Bashin tirela ma bai biya kansa ba. Sauro kuma ya ci rabonsa, gidan sauron Baba duk huji ne. Wanda zai je ya tafi da nasa, da hula mai faɗi, kuma kada ya yarda ya shiga jirgin da ba rigar kariya.

Ranar Alhamis muka juyo da tarwaɗar da Iya ta ƙyafe mana, naɗe a takarda. Tun a tasha na kunna wayoyin suka hau ruri, saƙo kan saƙo, kuma da na bi su ɗaya bayan ɗaya ba wanda yaron rumfa bai riga ya kashe wutarsa ba. Muna wuce Itoikin kiran Inna ya shigo. Ta ce, "Ina yayanka?" Na ce ga shi kusa da ni, barci yake. Ta ce in ba shi. Na taɓa shi na miƙa masa, na ji yana cewa, "Ƙurungu ya sare shi, Inna. Eh, ta baya ya kama."

Washegari Juma'a mota ta iso daga Aliero tun da sassafe. Ina tsaye ina ƙirga buhuna na ji muryarsa daga cikin rumfa ya kira sunana, ya ce in kawo littafin bashi mu duba tare. Yaron rumfa ya riga ya miƙe don ya karɓi saƙo. Ya dubi Yaya, ya dube ni, sannan ya koma ya zauna a kan buhu yana ɓare albasa.